Gashin Bakin Jarumin Habboba

Kwana goma da yi wa kakata aikin yanar ido a garin Sinja na Sudan, har lokacin ba mu san ko aikin ya yi ba. Duk wanda ya tambaye ta, sai ta ce "Alhamdulillahi" ta ja bakinta. Ga shi kuwa ni na lallaɓe ta har ta yarda da likitan.

Habboba, haka muke kiranta, tana da wani jarumin Masar da take mutuwar so tun tana budurwa. Kawu ya aiko mana daga Jidda da fayafayan finafinansa irin masu tsananin haske, waɗanda har ramukan fata suke nunawa. Ran Juma'a da la'asar na sa ɗaya, na ɗauko waya zan tura wa 'yan ajinmu hukuncina kan kyan hoton.

Minti biyar ba a yi ba ta yi tsaki.

"Kai, mijin banza, an cuci kawunka. Faifan nan lalatacce ne."

"Ya zol, haba Habboba! Wannan fa shi ne ƙarshe!"

"Ƙarshen me? Dubi gashin bakinsa, liƙa shi aka yi. Ga danƙon can ta hagu yana ƙyalli. Da ba haka yake ba."

Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin talabijin. Wallahi ga danƙon, siriri kamar zare. Ita kuwa tana can kan gadonta, taku shida daga talabijin.

Na daka tsalle ina ihu, har akuyarmu ta tsinke igiya. Na rubuta wa kawu: "Ido tamam, aiki ya yi!"

Habboba ta ce in rufa mata baki, in sa na gaba. Tana son duba haƙoransa.