Bargon Mama Mai Keke

Ƙanwata tela ce, yaran coci suna ce mata Mama Mai Keke. Shekara talatin tana koya musu labaran Littafi Mai Tsarki a ɗakin bayan coci. Takan yanka siffofin mutane da dabbobi daga ragowar yadi, ta kafe su da allura a jikin tsohon bargo.

In ta zo kan labarin Ayuba, sai ta riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, tumaki, raƙuma, 'ya'ya, har ya rage shi kaɗai. Daga nan sai ta sallami yara, ƙarshen labari, inda Allah ya mayar masa da komai, sai mako mai zuwa. Na ce mata wannan mugunta ce. Ta ce, "Yaya, shi Ayuban an gaya masa ƙarshen ne?"

Bara ɗanta tilo ya rasu. Na ɗauka koyarwa ta ƙare ke nan, amma Lahadi ta uku sai ga ta da bargonta. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Mama, ke ma Allah zai mayar miki?"

"Ban sani ba, 'yata," in ji ta. "Ni ma ina cikin makon jira. Miƙo min allura."