Haƙoran Baba Tanko Mai Awo

Cikin duk ranakun da na yi a sashen haƙori, ban taɓa mantawa da ranar da muka sa wa Baba Tanko haƙoran roba ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ga yadda abin ya faru.

Lokacin ina mai haɗa haƙoran roba a asibitin wani gari da ke arewa da Kano. Tsarin aikin kuwa shi ne, likita ce ke duba baki ta yanke abin da za a cire da abin da za a bari, ni kuma in ɗauki siffar bakin da wani ƙullu mai daskarewa, in je ɗakina in ƙera haƙoran a kai. Likitarmu wata matashiya ce, Likita Hadiza, mace mai haƙuri da tsofaffi.

Ana tsakiyar damina Baba Tanko ya zo, ɗansa Sani na riƙe masa da jaka. Mai awo ne a kasuwar ƙauyensu, amma ba awon ne ya sa aka san shi ba. Duk kaka, kafin manomi ya zuba hatsi a rumbu ko ya ɗinke buhu, sai ya kawo wa Baba Tanko ɗan kaɗan a tafin hannu. Shi kuma ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ya ce ta bushe, a adana. In ya ce da saura, a mayar shanya. Hatsin da aka ɗinke da danshi kuwa fumfuna yake yi, wahalar shekara ta tafi a banza.

Da likita ta buɗe bakinsa, haƙora biyar kawai suka rage, yawancinsu suna girgiɗa. Sani, wanda ke aiki a birni, ya ce a cire su duka a yi wa mahaifinsa sababbi sama da ƙasa. Ni ma abin da na fi so ke nan, don baki wayam ya fi sauƙin ƙira.

Baba Tanko ya rufe bakinsa ya girgiza kai.

"Likita, abokina Alhaji Mudi an yi masa irinsu. In ya yi dariya sai ka ce ango. Amma na ba shi gero jiƙaƙƙe da busasshe, ya ciza, ya ce duk ɗaya ne. Rannan ya tauna tsakuwa a shinkafa, bai sani ba sai da haƙorin ya tsage."

Sani ya ce, "Baba, ai ka huta da cizon hatsin mutane. Wa yake biyan ka?"

"Kai da ka girma da tuwon da bai taɓa warin ruma ba, kai ne mai tambaya?"

Likita ta yi dariya, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce gaskiya Alhaji Mudi ya faɗa. A kewayen saiwar kowane haƙori akwai ƙananan jijiyoyi masu kai labari can gindin ƙwaƙwalwa, su ce abin nan da tauri, ko da laushi. Daga can ne ake juya muƙamuƙi, shi ya sa mutum ke tauna yana hira bai ƙirga komai ba, kamar yadda yake tafiya bai ƙirga taku ba. In haƙori ya haɗu da tsakuwa, jijiyoyin nan ne ke sa muƙamuƙi ya tsaya cak kafin mai shi ya san abin da ya faru. In an cire haƙori, sun tafi da shi. Dasashi yana ɗan ji, amma kamar mai taɓa abu ne da safar hannu.

Ni dai na daɗe ina ƙera haƙora, amma ran nan ne na ji bayanin ya shiga kaina. Na ce Subhanallahi, ashe kowace loma da mai tsaron ta.

Ta sake dubawa a hankali, ta ce uku ba za su tsira ba. Amma akwai biyu a gefen dama, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da suke haɗuwa. Na ƙasa da ƙarfinsa, na saman ne abin tsoro. Za ta wanke saiwarsa ta ba da magani, in ya kafu a bar shi, in bai kafu ba dole a cire. Sharaɗinta shi ne ba goro, ba rake, ba ƙashi har sai ta ba da izini.

"Goron ma?"

"Shi ne na farko, Baba."

"To a daka mini a turmi."

"Wannan tsakaninka ne da Inna," in ji ta, tana nufin matarsa.

Na rubuta masa lokutan shan magani da ajami a jikin kwalin, tunda ba ya karatun boko. Ya duba ya ce rubutuna ya fi fuskata kyau.

Haka ya riƙa zuwa duk ranar kasuwar garin. Yana shigowa zai ce mini, "Malam Isiyaku, zo ka gai da maƙwabtan nan biyu," wato haƙoransa. Likita ta taɓa na saman da ƙarfenta, wani zuwan ta girgiza kai, wani zuwan ta gyaɗa kai. Da damina ta ja baya ta ce ya kafu gwargwado, in ɗauki siffa. Na ƙera haƙoran da giɓi a daidai wurin nasa biyun, da 'yan ƙarafa masu riƙe su ba tare da matsi ba. Ban taɓa goge aiki kamar wannan ba.

Ranar sawa ta faɗo a farkon kaka. Ni ma ina ɗan noma a bayan gari, kuma na riga na gurje masarata na shanya na ɗinke buhuna. Sai na ƙulla masara kashi biyu a hankici, ɗaya daga buhunan nan nawa, ɗaya daga wadda maƙwabcina ya karya bai gama shanyawa ba. Na gaya wa likita, ta ce a gwada.

Aka sa haƙora, aka ba shi madubi. Ya daɗe yana kallo, ya ce Inna za ta ce an sauya mata miji. Sannan na miƙa masa ta maƙwabcina. Ya ɗauki ƙwaya, ya tura ta gefen dama da harshe, ya ciza.

"Wannan ko kaza ta san ɗanya ce."

Muka yi murna. Na miƙa masa tawa. Ya ciza. Ya ɗauki wata ya sake.

"Wannan ma da saura."

Na san masarar nan ta sha rana. Na kalli likita na ce a hankali, haƙorin bai rarrabe ba, duk ɗaya yake ji, irin na Alhaji Mudi. Sani ya sunkuyar da kai. Baba Tanko ya ji ni, fara'ar fuskarsa ta ɗauke, ya ajiye madubin a cinyarsa.

Likita ta ce kada mu yi gaggawa. Ta aika a karɓo masara wurin mai gadi, wanda ke ajiye ta bara don kajinsa, ba ta gaya wa Baba ko ta wace ce ba. Ya ciza, muka ji ƙaras har inda muke tsaye.

"Ta bara ce," in ji shi. "Ta ma fara tsufa." Ya juyo gare ni. "Waccan ta biyun ta wane ne?"

Na ce tawa ce.

"Ka ɗinke?"

Na ce na ɗinke.

"To me kake yi a nan?"

Likita ta yi dariya har da riƙe teburi, ta ce ta ba ni izinin tafiya. Na hau babur na tafi gida, na farke buhu ɗaya na zura hannu har gwiwar hannu. Tsakiyar da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi. Ni da iyalina muka kwashe buhunan muka baje a tsakar gida, ina yi ina hamdala. A shekarar nan ko mudu ɗaya bai lalace mini ba.

Da ya dawo a duba shi, ya kawo wa likita tiyar wake, ya ce ya ciza da kansa. Ni kuma ya ce ba ni da komai, ai an riga an biya ni. A ranar ta ba shi izinin goro, rabi kawai, a gefen hagu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu masu ƙira muna iya yin fari da kyau da daidaito, amma ji ba ya fitowa daga hannunmu, na Allah ne. Tun daga lokacin, in na ga haƙori ɗaya tsaye a bakin tsoho, ba na kallon sa a matsayin abin da ya tare mini hanya. Kuma kafin a taɓa bakin mutum, ku tambaye shi abin da yake yi da shi ban da cin tuwo.