Wayoyi Goma Sha Biyar da Baba Mai Tasta Bai Ja Ba

Ranar Laraba, tara ga watan nan, ana gab da tashi daga makaranta, 'yarka ta shigo har ɗakin malamai ta ce Allah Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, can kuma duk muka nufa. Saura kwana goma sha tara a yi gasar mutum-mutumi ta ɗalibai, kai kuwa, Baba Mai Tasta, shekara shida kai ne idonmu a harkar wuta.

A takarda kai ba malami ba ne. Mai gyaran fanka da rediyo ne kai, ka zo gyara mana soket, ka tarar mun ƙone fis uku a zama ɗaya. Ka dubi allo, ka dube ni, ka ce lissafina daidai ne, hannuna ne bai yi makaranta ba. Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar, duk Asabar sai ka zo mana.

Duk wayar da ɗalibi ya ɗaura sai ka kama ta da yatsu biyu ka ja. In ta zare, ya sake. In ta zauna, a manna mata salatif a bakin nan da bakin can, a rubuta lamba ɗaya. Ban taɓa ganin ka ɗaura wa wani wayarsa ba, hannayenka kullum a baya suke. Bara Kyaftin, yarinyar da ke jagorantar ƙungiyarmu ta mutum-mutumi, ta sake waya ɗaya sau bakwai, tana hawaye tana cewa ka tsane ta. A filin gasa wani mutum-mutumi ya banki namu har murfi ya yi sama, namu ko tari bai yi ba.

Bana masu shirya gasa suka canza na'urar da ke sarrafa komai, wadda yara ke kira ƙwaƙwalwa. Ramukanta ƙanana, wayoyin saƙonta sirara kamar zaren ɗinki. Ka ɗora tabarau a kan tabarau, ka sa aka karanta maka littafinta shafi-shafi. Ka ce kada wayar saƙo ta kwanta kusa da ta injin taya, za ta ɗebo hayaniya. Ka ce a bar wa waya wurin numfashi inda hannun mutum-mutumin ke lanƙwasawa. A cire batir kafin a taɓa komai, a duba ja da baƙi sau biyu, don wannan sabuwar ba ta yafiya. Wayoyi arba'in da ɗaya ne, ka ja ashirin da shida.

Kwana uku bayan rasuwarka shugaban makaranta ya kira ni, ya ce ko mu janye bana, ko a kai mutum-mutumin wani shago a gama a yini ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Ƙwaƙwalwa ɗaya gare mu, in ta ƙone shi ke nan. Amma na ce masa ba za mu janye ba, ba kuma shagon da zai taɓa ta. In za ta ƙone, ta ƙone a hannun yaran da ka koyar. Ban shirya in gaya musu cewa abin da ka zuba a yatsunsu ya bi ka kabari ba.

Asabar da ta wuce mai ɗakinka ta aiko mana da tastarka ta gwada wuta. Kyaftin ta soke ta a aljihu. Dogo, mai tuƙa mana mutum-mutumin, ya ɗaura waya ta ashirin da bakwai, Kyaftin ta kama da yatsu biyu ta ja, wayar ta zare.

"Sake," in ji ta.

"Yau kuma ke ce Baba?"

"Ni ba Baba ba ce. Shi sau bakwai ya yi mini. Sake."

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in karɓi filayar. Na mai da shi baya.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Mai Tasta, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa wahalar da ya sha da 'ya'yan mutane ta zame masa nauyi a mizani. Ga mai ɗakinsa da 'yarsa da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mun ajiye muku kujeru biyu ranar gasa. Ko mu ci ko mu faɗi, za mu shiga filin nan, kuma ba wayar da za ta shiga ba a ja ta ba.