Jan Tsumma a Jikin Gawo

Ɗan baffana ne ya sare min bishiyoyin gawo goma sha ɗaya a gonata ta Durun, ya kuma gaya wa mutane tsafi nake yi. Shekarar da aka fara shari'a ce a Kano, ni ina Kudu wurin cin rani.

Wanda bai yi noma ba zai ce ai itace ne kawai. To gawo daban yake. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi, ganyen ya ruɓe a gindin gero, rana kuma ta samu shuka. Da rani ya yi kore shar, shanun Fulani su zo cin 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa, su bar maka taki ba ka roƙi kowa ba. Mahaifina ko ƙofar makarantar boko bai taɓa takawa ba, amma shi ya koya min cewa ba a cika shuka gawo ba, daga kashin dabba yake tsirowa inda ya ga dama. Naka ka gane shi tun yana ɗan tsiro mai ƙaya, ka rage masa rassa, ka ɗaura masa jan tsumma don kada 'yan ƙwadago su kwashe shi da garma. Iyakar aikin tsumman ke nan.

A lokacin takin zamani ya fi ƙarfin irina. Ka yi sammako zuwa Kabo, ka wuni a layi, a ce ya ƙare. Gonar kuwa jigawa ce, ta gaji. Dami yana raguwa kowace kaka, bakuna a gida suna ƙaruwa. Shekara shida ina renon bishiyoyin nan, manyan har sun wuce tsayina, ban dai kwance musu tsumman ba.

Shi kuwa ɗan baffan nawa ya dawo daga birni da karatu, yana koyarwa a Islamiyya. Ba na raina karatunsa, ni a aji huɗu aka cire ni. Ya bi ta gonar, ya ga jan ƙyalle, ya tuna yadda kakanninmu suke ɗaura wa kuka ƙyalle saboda iskoki. Bai tambayi mai ɗakina ba. Bai tambayi maƙwabcin gonata ba, wanda shi ma haka yake yi, sai dai da leda. Ya ɗauko gatari. Da sara kawai ya yi, da sun sake toho. Sai ya tara kara ya ƙone kututturan.

Na dawo na tarar da toka. Dattawa suka ce a yi haƙuri, zumunci ne. Na ci gaba da nomana.

Sai da kaka ya same ni a gona ina ɗaure gero. Muka gaisa, ya gajiya, ya iyali.

Ya ce, "Yaya, an yi min bayani. Wallahi imaninka na so in tsare maka."

"A jikin itace ka gan shi rataye?"

"Ka yi haƙuri. Zan nemo maka dashe wajen malaman gona. An ce bishiyar turare tana saurin girma."

Turare, mai shanye ruwan gona ya bar ta fayau. Na ajiye damin, na miƙe da ƙyar.

Na ce, "Malam, saurara. Abin da ka faɗa a kaina na yafe, mutane ma sun gaji da maganar. Amma gwiwata ta fara ƙi, ba ni da wata shekara shida ta tsuguno ina neman tsiro a kashin shanu. Gonar nan 'ya'yana za su gada, yadda ka bar ta. Su za ka roƙa, in sun girma sun san abin da suka rasa. Yanzu matsa, ka taka min igiya."