Amshin da Na Ce A Cire

Taubashina mawaƙi ne, ɗan kawuna, kuma kafin duniya ta san shi ni kaɗai ne jama'arsa. Ni ne mai tafi, ni ne mai danna rakoda, ni ne mai korar kaji idan suka fara nasu amshin. Waƙoƙinsa na farko, waɗanda ya rubuta da hannunsa a littafin makaranta, a ɗakina aka ɗauke su a Kibiya, daga shi sai gurminsa. Mai amshi kuwa matata ce. Ba ta taɓa shigowa ɗakin ba. Daga bayan labule take amsawa, saboda yayyenta malamai ne a Fammar, ba ta so maganar ta kai musu. Kaset ɗaya tak aka yi, ya zauna a wurina. Shi kuma ya tafi Kano, ya yi wasu waƙoƙin, ya yi suna, ya yi tumbi.

Matata ta rasu bara waccan. Ban daina barkwanci ba. A shagona na taki har gobe ina gaya wa manoma cewa na taɓa noma kabewar da sai da aka fasa katanga kafin ta shiga gida. Suna dariya. Ni dai ina jin bakina yana aikinsa ne shi kaɗai, kamar injin niƙa da aka manta ba a kashe ba.

Bayan kaka sai ga taubashin nawa a mota.

"Tsohon maƙaryaci, kana nan kana cutar manoma?"

"Ina nan. Kai kuma cigiyar muryarka ka zo? Na ji an ce ta tsufa ta bar ka."

Muka yi dariya, ya zauna a kan buhu. Ya ce yana so ya tattara waƙoƙinsa na farko a albam guda, tun na kafin fiyano, kafin Kano. Kaset ɗin nan yake nema. Sai ya rage murya.

"Amma fa akwai marigayiya a ciki. Mai sitidiyo ya ce yanzu suna iya zare murya ɗaya su bar sauran. In ka ce a bari, an bari. In ka ce a cire, a sa wata. Kai ne mai magana."

Na ba shi kaset ɗin, na ce ya ba ni mako guda. Rabona da jin sa tun rakodar tana da rai, rakodar kuwa ta mutu kafin furfura ta fito mini.

Na hau babur na tafi Fammar wurin babban yayan marigayiya. Na same shi a zaure yana gyaran allo. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar damina, na yi maganar farashin masara, har na ba shi labarin kabewa. Bai yi dariya ba, dama bai taɓa yi ba. Da na zo kan maganar sai ya ajiye allon.

"Ka zaci ban sani ba? Na taɓa zuwa gidanka na tsaya a soro, na ji ta, na juya. Muryar ƙanwata ce fa."

"To Malam, me ka gani?"

"Ba fatawa zan ba ka ba. Tana raye ta ɓoye abinta a bayan labule. Yanzu ba ta da bakin cewa e ko a'a. In ka sake ta, za a kunna ta a shagon caji, a gidan biki, a wurin da ba ta taɓa taka ƙafa ba. Kai ka fi ni saninta."

A hanyar dawowa na so in ji wani abu, ko fushi ne. Ban ji ba. Abin da na lura da shi kawai tayar baya tana neman iska. Da na isa na kira taubashina na ce a cire.

Albam ya fito. Na fara jin sa a tashar Rano, daga wayar wani ɗan kamasho. Gurmin yana nan, tarin taubashina yana nan, har tafina yana nan, wanda ni a ganina shi ya riƙe albam ɗin gaba ɗaya. Amshin kuwa wata ce daban, muryarta sumul kamar an goge ta da dutsen guga. Na tsaya na ji waƙa biyu, na sayi rake, na tafi.

Bayan kwana kaɗan ya aiko mini da memori a cikin ambulan, da 'yar takarda: wannan ba a taɓa komai ba, naka ne kai kaɗai.

Na yi wa kaina alkawarin kukan da zai jiƙa duk takin shagon. Bayan la'asar na janyo ƙofa rabi, na sa a waya. Ta shigo. Ita ce. A kowane baiti tana makara kaɗan, sai taubashina ya gama ya jira ta, don tana amshi tana tuƙa tuwo. Ban taɓa lura ba a lokacin. Na ji har ƙarshe idona a bushe, na sake mayar da shi farko.

Wani ya ƙwanƙwasa yana tambayar maganin feshi. Na ce ya dawo gobe, yau ina da baƙuwa.