Wayar Totur da Tafiyar Gwaggo Gida

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, mu huɗu cikin tsohuwar motar maigidana, mai sayen gujiya, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa. Ni nake yi masa awo a sikeli. Ni da direba muna gaba, yayata tana baya ƙarƙashin tanti, ta ɗora kan gwaggonmu bisa cinyarta. Gwaggo ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta daɗe kwance a asibitin Tasawa, har likita ya kira ni gefe ya ce magani ya ƙare, sai addu'a. Da ta ji, abu ɗaya ta roƙa: a mayar da ita ƙauyenmu da ke bayan garin Sarkin Hausa da sauran numfashinta. Can mijinta yake kwance, can 'ya'yanta suke, domin duk abin da ta haifa ita ta binne. A wajenmu kuwa ba a wuce gari da gawa. Inda rai ya fita, garin da ya fi kusa shi ke da ita, matansa su yi wanka, mazansa su yi salla.

Mun wuce ofishin kumanda mai mulkin yankin, sabuwar tutarmu tana kaɗawa a inda ta Nasara take a da. Direba ya ɗaga mata hannu ya ce mun samu 'yanci, saura a ba mu hanya. Gaskiyarsa. Da ka sauka daga babbar hanya ka nufi yamma, sai rairayi, sai sawun raƙuma. Kaka ta yi kyau bana. Jakuna da raƙuma muka yi ta karo da su, kowanne ya sha buhunan gujiya, masu su suna tafe da sababbin riguna tun kafin su sayar. A bakin wani ƙauye mun tsaya sayen fura don Gwaggo, mai furar ta faɗi kuɗin da ya sa direba ya tambaye ta ko da zinariya ta dama. Gwaggo ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai.

Tun a nan na lura ƙafar direba tana fama. Ya taka totur, totur ya ƙi komowa, sai ya sa babban yatsa ya ɗago shi. Na tambaya, ya ce kada in damu, ya san halin motarsa, jiya ma ya shayar da wayar mai har ta ƙoshi. Na ce wane mai? Ya ce na gujiya mana, ga shi ko'ina kamar ruwa, wa zai ɓarnatar da man inji a kan waya?

Hantsi ya ɗaga muna hawan wani tudun rairayi, na ji ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa. Totur ya faɗi ƙasa ya kwanta, inji ya koma gurnani a hankali, mota ta tsaya. Ya buɗe gaba, ya zaro wayar daga cikin bututunta, ya miƙo mini. Wayar totur siririya ce, zaren ƙarfe da aka murɗe, ita ke ɗaukar umarnin ƙafa ta kai wa inji. Tamu ta yi baƙi ƙirin, ta yi danƙo. Man gujiya ya daskare a ciki, rairayi ya manne masa, ya yi ta cin zaren ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya tsinke. Na so in zage shi, wallahi na so. Amma na ga idonsa ya kawo ruwa, ya san abin da muka ɗauko, sai na haɗiye.

Akwai ƙauye a gindin tudun. Mutanensa suka fito suka tura mu inuwar wani gawo, suka kawo ruwa da tabarma. Na ratsa garin ina neman ko wayar birkin keke, babu mai keke ko ɗaya. Wani dattijo ya leƙa bayan mota, ya dubi Gwaggo, ya dawo ya ja ni gefe, amma muryarsa ba ta san gefe ba.

"Ɗana, ku sauke ta nan. Tsohuwar ga ta gaji da tahiya. In Allah ya yi ikonsa, muna da makwanci, muna da mata masu wanka."

Sai muka ji muryar Gwaggo, siririya amma a tsaye. "Malam, na gode. Ƙasarku mai kyau ce, amma ba ni da kowa cikinta. Ku kai ni wurin ɗiyana."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Shi ne kuma ya aika gidan baduku aka kawo tsirkiya, doguwar igiyar fata irin wadda ake ɗinkin guga da ita. Da babu gara ba daɗi. Direba ya ɗaure bakinta a ɗan hannun ƙarfen da wayar ke ja a jikin inji, ya ɗaga murfin gaba kaɗan da tsinken kara don kada ya danne ta, ya zagayo da ita ta tagar wajena, ya danƙa mini. Ya ce daga yanzu ni ne ƙafarsa.

Haka muka ci gaba. In ya ce ja, in ja, in ya ce saki, in saki. Da farko na yi ta fizga, mota ta yi ta zabura kamar baƙon jaki, yaya ta ɗaga murya daga baya ta ce ko kashe ta muke son yi tun kan hanya. Sauri ya haifi nawa, sai na koyi ja a hankali. Na naɗe tsirkiyar a tafin hannu, zafin inji yana busar da ita, tana miƙewa, ina ƙara naɗewa. Kafin azahar ta yanka ni, jini ya sauko har gwiwar hannu, ban saki ba. Gilashin da ke bayan kanmu ya daɗe da fashewa, don haka ina jin abin da ake yi a baya. Ina jin Gwaggo tana salati ƙasa-ƙasa. Daga baya na daina jin ta, sai muryar yaya kaɗai.

"Gwaggo, ga tsamiyar da muke hutawa ranar kasuwa. Gwaggo, dubi hatsin bana, rumbuna za su cika. Kin ga garken Hulanin can? Mun kusa, Gwaggo."

A Sarkin Hausa inji ya yi zafi, dole muka tsaya bakin rijiya. Matan da ke ɗiban ruwa suka gane yaya, suka taho gaida mai jiki. Yaya ta sauke gefen tanti, ta tare ƙofa da jikinta, mafici a hannunta.

"Ta samu barci yanzun ga, kada ku tashe ta. Sannunku, za ta ji in ta hwarka."

Suka yi addu'a suka koma. Ni har daɗi na ji, na ce barci sauƙi ne. Direba ya dubi yaya, ya daɗe yana dubanta. Ya zuba ruwa, ya shiga, ya ce mini ja.

Ragowar hanyar yaya ba ta yi shiru ba ko kaɗan. Ta kira sunan kowace gona da mai ita, kowane kwari, kowace bishiya, har muryarta ta dushe. La'asar sakaliya muka shiga ƙauyenmu, muka tsaya ƙofar gidan Gwaggo. Na sauko ina murna, hannuna ya ƙage, na zagaya baya ina cewa Gwaggo ga ki gida. Na tarar an ja mata zane har fuska.

"Tun kahin Sarkin Hausa ta cika," in ji yaya, da ƙyar muryar ke fita. "Da na hwaɗa maka, da ka saki igiyar."

Da na saki, ban musa ba. Na zauna cikin rairayi na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Limaminmu ya ji labarin, ya ce Allah Ya san niyyar kowa, a ɗora ruwa. Kafin rana ta faɗi mun kwantar da ita kusa da mijinta, 'ya'yanta suna gefenta.

Bayan sadakar uku muka juyo, da tsirkiyar dai, na ɗaure hannu da tsumma. Yaya tana baya ita kaɗai, har Tasawa ba ta buɗe baki ba. Makanike ya sa sabuwar waya da aka kawo daga Maraɗi. Ya wanke bututun da kananzir, ya ɗiga man inji, ya bi da wayar inda ba za ta lanƙwashe ba, ya bar mata ɗan sako-sako, ya ce a riƙa duba bakinta, ranar da aka ga zare ɗaya ya tashi a canza ta. Aikin bai kai dahuwar shayi biyu ba. Direba yana tsaye yana kallo, bai yi gardama ba.

To 'yan'uwa, wanda zai bi hanyar nan ya duba wayar toturinsa tun a gari, man gujiya kuma ya bar wa ƙosai. Wannan shi ne ƙaramin abin da na koyo. Babban kuwa har yanzu yana hana ni sukuni. Duk tsawon hanyar nan ina ja, ina zubar da jini, ina ganin ni ne nake kai Gwaggo gida. Ashe ni mota kawai na ja. Wadda ta kai ta gida tana zaune a baya, gawar a cinyarta, tana yi mata hira.