Izu na arba'in da ɗaya

Muna hanyar McLeansville, gidan Hajiya Rabi, za a yi addu'ar saukar Alƙur'ani da muka yi wa marigayiya mahaifiyarta, sai Anti Balki ta kira ni.

"Ince kun ga na cire sunana daga izu na arba'in da ɗaya? Aiki ya riƙe ni."

Na duba jerin rabon izu a guruf ɗinmu. Sunanta na nan daram.

Yadda muke yi, kowa ta kwafi jerin, ta sa sunanta, ta sake turawa. Ashe a mintin da ta goge nata, ni kuma na kwafi tsohon na sa nawa. Nawa ya shigo daga baya, ya dawo da sunanta. Kowa ta ɗauka tana kansa, ba wadda ta karanta izun.

Nafisa, 'yata, ke tuƙi. Aikinta rubuta manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ne. Ta ce, "Mama, abin da ake biyana in hana ke nan. In firosesa biyu, wato masu yin lissafi a cikin kwamfuta, za su taɓa wuri ɗaya, dole dubawa da canzawa da rubutawa su zama abu guda, ba mai shiga tsakani. Atomik ake ce masa."

Na ce, "To. Rage gudu."

"Mun makara fa."

"Ba za a shafa fatiha a kan hamsin da tara ba."

Allah ya sa da alwalata, sai na buɗe izun a waya na fara karantawa. Sau biyu ta zaga gonakin da ke kusa da gidan kafin in idar. Muka shiga da sittin cif.

Yanzu mai taɓa jerin sai ta rubuta "na riƙe", sauran mu jira "na saki". Nafisa ta ce su ma haka suke yi.

Ku yaya kuke rabon naku?